Komin Barmo

Tun dajin arewa bai san gatari ba aka yi wani maharbi, Barmo na Tabawa, mai kibiyar da ba ta dawowa da ƙishi. Mariri yake harbi, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni da ake yin garkuwa da fatarta.

Shekarar da fari ya tsananta, Barmo ya haƙa rijiya a busasshen rafi, ya sassaƙa komi na itace, ya cika shi da ruwa. Maharba kuwa suna da doka tun kakanni, ba a harbin dabba tana shan ruwa. Shi sai ya laɓe bayan kalgo ya yi ta sakin kibiya. Garken mariri ya koma goma, goma ta koma uku.

Wata rana da hantsi mace ɗaya tak ta zo, ya kayar da ita. Da ya farke cikinta sai ga ɗa, halittarsa ta cika. Ɗan ya ja numfashi sau biyu ya daina. Nan take, in ji magabata, tsuntsaye suka yi tsit, ruwan komin ya ƙafe yana kallo.

Matarsa Tabawa na da cikin wata bakwai. Da ya koma gida ya ba ta labari, ta tambaye shi ko ya ga sawun sauran mariri, ya ce babu.

"Maigida, wannan ya wuce mutuwa," in ji ta. "Mutuwa takan bar na baya. Kai iri ka ƙarar. Me za ka ce wa Mahaliccinsu?"

Daga ranar cikinta ya daina motsi.

Barmo, da zaki bai taɓa kora ba, ya bazama neman mariri. Kwana shida yana keta daji neman sawu ɗaya, ya dawo ya tsaya bakin ƙofa yana tsoron tambayar lafiyar cikin. Ran na bakwai ya karya bakansa, ya cika komin, ya juya masa baya yana neman gafara. Da safe aka ga sawun barewa a laka. Kafin azahar cikin ya motsa. Allah ne masani.

'Ya mace aka haifa, zuriyarta ce ta kafa garin Komin Barmo. A bakinsu aka fara jin "ƙarewar iri", ga abin da ya tafi bai bar mai haifar irinsa ba. Har yau ba a kai tulu gida sai an cika komin. Da safe akan duba laka: barewa, gada, zomo. Sawun mariri dai ba a sake gani ba.