Injiniya da Injin Markaɗe

Akwai wani direban motar kamfani da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Injiniya. Bai taɓa koyon aikin lantarki a aji ko a shago ba. Halinsa ne ya jawo masa sunan, domin duk abin da ya lalace a gabansa sai ya naɗe hannun riga ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, ku miƙo min sukudireba." Mutum ne mai son iyalinsa, ba ya faɗa, ba ya yawon banza. Aibinsa ɗaya ne, ya fi son ya ɓata abu da hannunsa a kan a ce wani ya fi shi sani. Abokansa don tsokana suke kiransa Injiniya, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Matarsa ungozoma ce a asibiti, kuma an san ta da hannu mai albarka. Da ta ɗora tafinta a kan ciki za ta faɗi yadda jariri ya kwanta. Masu juna biyu har addu'a suke yi naƙuda ta zo musu ranar da take bakin aiki. Aikin ba ya barin ta ta daɗe a kicin, don haka a hankali ta tara kayan da ke rage mata wahala, ta jera su a kan kanta: tukunyar lantarki mai dafa shinkafa ta kashe kanta, butar tafasa ruwa, injin gasa burodi, da wanda ta fi ji da shi, injin markaɗe mai faɗin kwano. Yana niƙa nama, yana yanka albasa, yana markaɗa tumatir kafin a ƙifta ido. Wuƙaƙensa kaifi ne da su kamar reza, amma an yi masa kariya. Muddin murfin bai zauna daidai ba, ko an danna makunni ba zai motsa ba. Ta saba da haka har ba ta tunanin cire fulogi idan za ta sa hannu a ciki.

Wata safiya tana sauri, murfin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Wani ɗan harshen roba da ke gefensa ya karye. Ta mayar da murfin, ta danna makunni, shiru.

"Baban yara," ta ce, "don Allah in ka fita ka miƙa shi wurin mai gyaran nan na bakin titi."

"Kawo in duba tukuna."

Ta riƙe injin a ƙirjinta tana dariya. "A'a, na roƙe ka. Fankar ɗaki da ka duba, har yau baya take juyawa. Dutsen guga kuma sai da ya ja ni kamar ina da laifi. Wannan kam ka bar min shi da ransa."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce zai kai. Amma maganar ta tsaya masa a wuya. Tana fita aiki ya shimfiɗa jarida a kan tebur ya kwance injin. Bai daɗe ba ya gano matsalar. Harshen da ya karye shi ne ke danna wani ɗan maɓalli a ciki, maɓallin kuma shi ke ba wuta hanya. Gyaran gaskiya shi ne a nemo sabon murfi. Injiniya ya ga wannan doguwar hanya ce. Ya yanke wayoyi biyun da ke jikin maɓallin, ya murɗe su wuri guda, ya naɗe da salatif, ya ɗaure injin kamar yadda yake. Da ya kunna, sai ga wuƙaƙe suna juyawa, murfi kuwa yana gefe a kan tebur.

Ya tsaya yana kallon su. Sai ya ce a ransa, "Wane mai hankali ne zai sa hannu a ciki yana juyawa?" Ya rufe murfin ya ajiye injin a mazauninsa.

Da ta dawo ta gwada, ta ji ƙarar da ta saba. "Kai, Allah Ya yi wa mai gyaran nan albarka! Ka ga abin da nake gaya maka? Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Injiniya ya yi murmushi. Niyyarsa ya bar ta ta gama yabon, sannan ya ce mata ai shi ne mai gyaran. Amma ya san in ya faɗa za ta tambayi yadda ya yi, in kuma ta ji ya cire kariya za ta ce a kai wa mai gyara a warware aikinsa. Sai ya ce gobe. Gobe ta zo ya sake cewa gobe, har maganar ta fita daga ransa.

Ranar da abin ya faru ranar hutunta ce, da hantsi. Tana niƙa nama aka ɗauke wuta. Ta yi tsaki, ta buɗe murfin, makunnin yana nan a kunne kamar yadda ta bar shi. Ba ta damu ba, tunda ta san injinta. Ta zura hannun dama tana kwaso naman da ya maƙale a ƙarƙashin wuƙaƙe. A daidai lokacin aka dawo da wuta.

Maƙwabta ne suka ji ihunta suka kai ta asibitin da take aiki. Likitocin da take tsayawa kusa da su kullum su ne suka yi mata aiki, wasu suna share hawaye. Yatsu uku sun tafi, na huɗu kuma ya sanƙare, ba ya lanƙwasuwa.

Da ta farfaɗo, Injiniya na zaune a bakin gado, idanunsa jawur. Yayanta, wanda shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, yana tsaye ta wajen kai.

"Bai kamata ya tashi ba," ta ce da ƙyar. "Murfin a buɗe yake. Baban yara, mai gyaran bai ce maka ya canza wani abu ba?"

Nan ne Allah Ya ba shi damar faɗin gaskiya. Ya kalli hannun da aka naɗe da bandeji, ya kalli fuskar surukinsa, ya sunkuyar da kai. "Bai ce min komai ba."

Yayan ya fice daga ɗakin. Ya wuce gidan Injiniya, ya zuba injin a buhu, ya nufi bakin titi yana huci. Ya dire buhun a kan teburin mai gyara, mutane suka fara taruwa. "Kai ka yi wannan aikin? Ka nakasa min ƙanwa!"

Mai gyaran ya leƙa buhun. "Wallahi, yallaɓai, yau na fara ganin injin nan. Ba wanda ya kawo min shi. A kira wanda ya ce ya kawo, ya faɗa a gabana."

Aka kira Injiniya a waya ya zo. Da ya iso ya ga taron, ya ga bawan Allah da ake shirin kai wa 'yan sanda ba da laifinsa ba, sai ya matso gaban yayan matarsa. Ya durƙusa a gefen kwata ya ce, "Yaya, ku ƙyale shi. Ni ne."

Yayan ya daɗe yana kallonsa. Bai zage shi ba, bai ɗaga masa hannu ba. Ya ba mai gyara haƙuri, ya juya ya tafi.

Da aka sallame ta, gidan yayanta ta wuce tare da yaran. Injiniya ya tura manya, ya tura abokai, ya je da kansa har ya gaji da zaman ƙofa. Asibiti ba su kore ta ba, amma hannun da ba ya riƙe almakashi ba zai karɓi haihuwa ba. Suka mayar da ita tagar ba da kati, inda take koyon rubutu da hagu. Ɗakin haihuwa yana bayan bangon. Duk lokacin da jariri ya tsala kukan farko, abokan aikinta sun lura takan dakata da rubutu har sai kukan ya lafa.

Wata rana da ya rasa hanyar ganinta, ya shiga layin marasa lafiya har ya iso gaban tagar. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

"Maman yara, ki yafe min. Ban yi da nufi ba."

Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a fuskarta. "Na san ba ka yi da nufi ba. Wayar da ka haɗa na yafe maka ita tuni. Amma kullum kana zaune kana kallona ina sa hannu a kwanon nan, kalma ɗaya ta ishe ni, ka hana ni. Ina kwance a gadon asibiti na tambaye ka, ka sake hana ni. In na koma gidanka, me zan iya taɓawa hankalina a kwance?"

Wata tsohuwa a bayansa ta taɓa shi da sanda ta ce, "Ɗana, in ka gama ka matsa, ƙafata na ciwo." Ya matsa gefe. Matarsa ta miƙa hannun hagu ta karɓi takardar tsohuwar. Har yau ba ta koma gidansa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, girman kai kuma shi ke ɗaure shi a wuya. Kayan lantarki na kicin alheri ne ga mai girki, amma kowace kariya da aka yi musu an yi ta ne don ranar da hankali zai gushe, kada wanda bai san aikinta ba ya cire ta. Wanda abu ya fi ƙarfin saninsa ya kai wa masu shi, wannan ba faɗuwa ba ce. Wanda kuma ya yi kuskure ya faɗa da wuri, tun abin yana hannu, domin kunyar da mutum ya guje wa da shiru, wani na kusa da shi ne zai biya ta da jikinsa, a lokacin da nadama ba ta mayar da komai.