Matsakaicin Makin Aji

Alhaji Maikano, shugaban makarantarmu, mutum ne mai girmama lissafi. Shi ya sa bai taɓa matsawa kusa da shi ba.

Ya kira Malama Ladidi ofis. "A jarrabawar gobe, ɗalibanki shidan nan kowa ya wuce matsakaicin makin aji. Ko ɗaya ya gaza, ki nemi wata makarantar."

"Yallaɓai, ai dole wani ya zo ƙasa da matsakaici."

"Ba musu na kira ki ba."

"To, ka zauna ka rubuta tare da su, su yi koyi da kai. Sai mu haɗa makin duka."

Alhaji ya gyara hula, ya amince.

Duk shidan sun wuce matsakaici. Alhaji ya ci maki huɗu cikin ɗari.