Manomin da Aka Ware wa Kwano

Ku gyara zama, 'yan'uwa, manya da yara, ku saurari wani misali.

Akwai wani manomi mai suna Nomau. Su uku ne maza a gidan ubansu: Korau babba, Arzika auta, shi kuwa na tsakiya. Gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke zuba hatsi, tun suna yara kuma a akushi ɗaya suke cin tuwo. Da ubansu zai rasu bai yi doguwar wasiyya ba. Ya ce musu kawai, ko me zai faru kada su raba akushi.

Haka suka riƙe. Kowace yamma idan an taso daga gona, sai a shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, Rifkatu matar Korau ta kawo tuwon dawa a akushi, miyar kuka a kasko. Korau ya yi addu'a, ya fara sa hannu, sauran su bi. Arzika, da yake shi ne ƙarami, shi yake riƙe bakin akushi da hagu, shi kuma yake suɗe shi. Matar Nomau ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda kuma tana aure a wani gari mai nisa. Saboda haka wannan zama na yamma shi ne abin da ya rage masa na iyali. Yakan ci da daɗin rai, Rifkatu tana tsokanarsa irin wasan matar wa da ƙanin miji.

Takan ce, "Mijina, a hankali. Wannan loma ce ko tubalin gini?"

Shi kuma ya ce, "Laifin miyarki ne, matar Yaya. Rage daddawa ki gani ko ba zan rage loma ba."

Ana nan, wata damina sai waɗansu ƙuraje suka fito masa a bayan hannu. Ya ɗauka ƙaiƙayin ciyawa ne, bai kula ba. Ƙurajen suka fashe, suka yi ruwa, suka yi ɓawo. Idan nan ya bushe sai can ya buɗe. Kafin a yanke gero sun kama hannu biyu, sun hau har gwiwar hannu. Aka dafa masa ganyen darbejiya ya wanke, aka jiƙa bagaruwa, aka gwada sabulun salo. Duk wanda ya duba sai ya faɗi sunan wani ciwo dabam, ba kuwa wanda ya sani.

Wata yamma da aka kawo tuwo, sai ga ƙaramin kwano a gefe, tuwo da miya a ciki, an ɗaura masa tsumma a kunne domin a riƙa gane shi. Rifkatu ta ajiye ta juya da sauri, ba ta yi wasan da ta saba ba.

Korau ya gyara murya ya ce, "Nomau, kada ka ɗauke shi da zafi. Akwai yara a gidan nan, matar Arzika ma ga goyo. Na ɗan lokaci ne. Da zarar hannun nan ya bushe, gurbinka yana nan."

Nomau ya ce, "Gaskiya ne, Yaya." Ya ɗauki kwanonsa ya koma ƙofar ɗakinsa. Daga can yana jin hirarsu, amma ba ya jin abin da ake wa dariya.

Tun daga ranar ba shi da wani buri sai hannunsa ya bushe. 'Yan'uwansa kuwa ba su yi masa rowa ba, kada a ɗora musu abin da ba su yi ba. Ran kasuwa Korau ya shiga kemis ya sayo masa ruwan kashe ƙwayoyin cuta, irin mai launin zuma wanda yake komawa fari kamar nono idan an zuba shi a ruwa. Mai kemis ya ce a zuba cikin murfi ɗaya a bokiti, a wanke safe da yamma. Nomau ya yi haka, ciwon ya ɗan lafa, sa'an nan ya dawo. Arzika ya kawo wani ja mai kumfa. Aka kawo wani gari da yake rina ruwa ya koma shunayya, ya bar masa farce baƙi. Aka kawo aidin, jan maganin nan da ake shafa wa miki, aka kawo sabulai masu warin asibiti.

Mutanen ikilisiya ma ba su zauna ba. Bayan sujada sukan biyo, su tsaya daga nesa kaɗan, su ce, "Sannu da jiki, Baba Nomau. Ga wannan, surukina ya gwada, ya ji daɗinsa. Muna yi maka addu'a." Sai a ajiye kwalba a ƙasa, kusa da dokin ƙofa, kada hannu ya taɓa hannu. Har kwalabe suka cika tagarsa, suka gangaro bayan ƙofa.

Da Nomau ya ga kaka ta wuce, rani ya shiga, yana nan da kwanonsa mai tsumma, sai haƙuri ya ƙare masa. Ya ce a ransa, idan murfi ɗaya yana aiki, ai biyu za su fi. Daga biyu ya koma rabin kwalba. Daga nan ya bar surkawa gaba ɗaya, ya riƙa tsiyaya maganin tsagwaronsa a kan mikin, yana dirzawa da soso, yana cije leɓe, hawaye na zuba. Idan ya ji zafi ya kai masa har ƙwaƙwalwa sai ya ce, "Yawwa, yanzu ne yake cin ciwon." Bai sani ba sabuwar fatar da take ƙoƙarin tsirowa ce yake ƙonewa. Warin magani ya kama rigarsa da tabarmarsa, har yara sukan san yana zuwa tun ba su gan shi ba, su kauce.

Da hannun ya kai ba ya iya riƙe fartanya, Korau ya ɗauke shi ya kai shi wani babban asibiti a birni. Aka ɗebi jini, aka kankari fata, aka ce su dawo. Da suka koma, likita ta zaunar da su biyun, ta kama hannun Nomau da nata hannun tana juyawa. Nomau ya zabura, gama an daɗe ba wanda ya taɓa shi.

Ta ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba, ban san sunan abin da ya fara kama ka ba. Amma mun auna, ba kuturta ba ce, ba kuma irin ciwon da ake ɗauka ba ne. Rabin abin da nake gani a nan ƙunar magani ce. Ka bar waɗannan wanke-wanke. Ruwa mai tsabta, da man da zan ba ka, shi ke nan."

Nomau bai tambayi yaushe zai warke ba. Ya ce, "Likita, ana iya cin tuwo da ni?"

Ta ce, "Har a sha fura da ludayi ɗaya."

Ya juya ya dubi wansa. "Yaya, ka ji da kunnenka?"

Korau ya ce, "Na ji. Mun gode wa Ubangiji. Yau ɗin nan za ka dawo gurbinka."

Da suka iso gida Korau ya shiga ɗakin Nomau da buhu, ya kwashe kwalaben duka, ya ce zai zubar. Nomau ya yi wanka da ruwa zalla, ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya riga kowa zama a tabarma. Da Rifkatu ta kawo akushi ya ce mata, "Matar Yaya, ina fata kin cika daddawa, yau mayunwaci ya dawo." Ta yi murmushi, amma idonta yana kan hannunsa.

Korau ya yi addu'a mai tsawo, ya gode wa Allah da ya sāke haɗa su. Suka sa hannu. Nomau ya gutsuri loma ya tsoma a miya, ya ji daɗin da ya manta. Sai da ya ci kamar rabin cikinsa ya lura shi kaɗai yake tsoma hannu a kasko. Wansa da ƙaninsa gayan tuwo suke haɗiya, kowa yana gutsura daga can bakin akushi ta wajensa. A tsakiya kuwa, tsakanin inda yake ci da inda suke ci, an bar tuwo tsaye kamar katanga, ba wanda ya taɓa.

Ya ce, "Arzika, miyar ba ta yi ba ne?"

Arzika ya ce, "Ta yi, Yaya. Cikina ne yau ba ya son kuka."

Korau ya tashi ya ce ya ƙoshi. Arzika ya bi bayansa, bai suɗe kome ba. Nomau ya zauna shi kaɗai gaban akushin yana ba kansa haƙuri, yana cewa ranar fari ce, gobe za su saki jiki. Yana cikin wannan sai iska ta kawo masa wani wari daga bayan rumbu. Ba wanda ya fi shi sanin wannan wari a duk ƙasar. Ya miƙe ya zagaya. Ga buhun kwalaben a jingine, ba a zubar ba. Ga wansa da ƙaninsa a tsugune gaban bokiti, ruwan ya yi fari fat, suna dirzar hannuwansu har wuyan hannu.

Suka ɗago suka gan shi.

Nomau ya dube su, ya dubi bokitin, ya ce, "Ya yi yawa, Yaya. Murfi ɗaya ake zubawa. Idan ya fi haka yana ƙona fata. Ni na sani."

Kashegari ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki tukunya guda, ya koma bukkar gona. Ya bi maganar likita, ƙunar ta warke, ciwon asali kuwa yakan tafi ya dawo, har yau ba a san sunansa ba. Korau ya bi shi can domin ya ba shi haƙuri, ya zauna a inuwar bukka cikin zafin rana, gumi yana zuba, yana cewa, "Ka tuna maganar Baba, ka dawo gida." Nomau ya ɗebo ruwa a randa, ya kurɓa, ya miƙa masa moɗar. Korau ya karɓa, ya riƙe ta, ya daɗe yana duban ruwan. Sa'an nan ya ce, "Na sha kafin in fito." Nomau ya karɓi moɗarsa ya ce, "Sauka lafiya, Yaya. A gai da gida." Nomau bai koma gidan ba.

To, ga ma'anar misalin nan, ya ƙaunatattu.

Akushin nan shi ne zumuncin da Ubangiji ya bar mana, ya ce kada mu raba. Nomau kuwa yana cikinmu, wataƙila yana zaune a bencin baya yanzu haka. Shi ne mai ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wanda muka gaji da tambayar jikinsa. Shi ne kuma wanda ya taɓa fāɗuwa cikin zunubi a gaban kowa, ya tuba da hawaye, dattawan ikilisiya suka ce an karɓe shi, muka ce amin da ƙarfi. Amma tun ranar wa ya shiga gidansa ya zauna? Wa ya aiki ɗansa wurinsa?

Kwalaben nan su ne shawarwarinmu. Ba na cewa magani mugun abu ne. Mai ciwo ya tafi asibiti, ya bi abin da aka faɗa masa, kada ya ƙara kada ya rage. Amma mun iya ba da shawara daga nesa, mun iya cewa muna addu'a, domin waɗannan ba sa bukatar mu matso. Mukan ajiye su a bakin ƙofa mu tafi da zuciya a kwance, muna cewa mun yi zumunci. Shi kuwa yana ciki yana ƙona kansa, yana tsammani idan ya ƙara shan wuya za mu ga ya tsabtata.

Ku lura da wannan, gama nan ne abin baƙin cikin yake. Korau ya ji gaskiya da kunnensa, ya kuwa gode wa Allah da bakinsa. Hannunsa ne bai gaskata ba. An wanke hannun Nomau da kowane irin ruwa da ake sayarwa a kasuwa, amma ƙyamar da take cikin zuciyar 'yan'uwansa ba wanda ya wanke ta, domin ba su taɓa yarda akwai ta ba. Wannan ƙazanta ba ta fita da sabulu. Sai mutum ya durƙusa gaban Ubangiji ya kira ta da sunanta.

Kai kuma da aka ware wa kwano, ka ji ni. Ka bar azabtar da kanka domin mutane su karɓe ka. Mai Cetonmu ya miƙa hannu ya taɓa waɗanda kowa yake gudu, ya zauna cin abinci da waɗanda aka raina, bai kuwa zagaya bayan rumbu daga baya ba. Shi ya riga ya karɓe ka.

Mu sauran, an jima kaɗan za a tashi, kowa zai tafi gida ya tarar an sauke tukunya. Kafin ka wanke hannu, ka tuna da wanda yake ci shi kaɗai a unguwarku. Ka san shi, sunansa ya riga ya zo maka. Kada ka aika masa da tuwo ta hannun yaro. Ka ɗauki akushin da kanka, ka je ka zauna a tabarmarsa, ka tsoma lomarka a inda ya tsoma tasa. Idan ya miƙo maka ruwa kuma, ka sha.