Kurege da Igiyar Kaba

Ga wata tafe, ku gyara zama.

A shekarar da gyaɗa ta ƙi, Kurege ya rame har jelarsa ta fi shi nauyi. Noma bai taɓa burge shi ba, amma ya san igiya. Ya san rama in ta sha ruwa ƙarfi take ƙarawa, kaba kuwa in ta kwana bakwai a rana, atishawa ma tana karya ta.

Sai ya tuƙa igiya biyu, ta rama da ta kaba, ya shafe su da jar ƙasa har suka zama kamar tagwaye. Ya rataya layun ɓawon gyaɗa, ya je wa Ɓauna a matsayin ɗan kokawa daga gabas.

"Ni ne Tsinka-Dabaibayi," in ji shi. "Tun ina jariri nake yaga zanen goyo."

Ya kafa sharaɗi: a ɗaure kowa, wanda ya kasa tsinke igiyarsa ya ba da kwandon dawa, in ba shi da shi a zane shi da ita. Ɓauna ta sha ɗaurin jiƙaƙƙiyar rama, ta yi ta nishi har azahar. Kurege ya yi hamma, kabarsa ta ce ƙaras, ya ɗauke kwandon dawa.

Da gari ya waye ya yi wa Giwa haka. Jelar Kurege ta fara sheƙi.

Da gari ya sake wayewa ya nufi Dorina, wadda ke saƙar tabarma a bakin kogi. Ɓauna da Giwa suka biyo kallo. Dorina ta ɗauki igiyarsa za ta ɗaure shi, ta ji tana ƙaras-ƙaras.

"Ɗan nan, wa ya rene ka? Ai ba a taɓa kaba a bushe."

Ta tsoma ta a kogi. Kurege ya ce layunsa ba sa son ruwa. Ta ce igiyar ta jiƙa, ba layun ba.

Ya ja, kaba ta miƙe kamar fata. Ya yi kirari, kaba ba ta ji ba. Dawa kuwa ya riga ya cinye. Sai aka koma ɗaya sharaɗin, inda Ɓauna ta taya Dorina ba tare da an roƙe ta ba. A nan ma igiyar ba ta tsinke ba.

Da ƙyar ya gwaguye ta da haƙori, ya faɗa rami. Daga ciki aka ji muryarsa:

"Ta dai tsinke. Ku kai dawata gida."

Ƙurunƙus, kan kuregen da tun wannan bulalar har yau a tsaye yake cin abinci.