Tsinkayen Cindo

A zamanin da dajin gabas da garinmu bai san gatari ba, wani maharbi mai suna Cindo ya kafa bukka a bakin tafki. Shi ake wa kirari da mai ganin sawu bisa dutse, ɓauna ta hange ka ta bar kiwo. Mutane suka biyo naman da yake harbowa, suka zauna kusa da shi har gida goma sha biyu.

Ƙaya ce ta hana su sakewa. Ba mai zuwa gona ya dawo ƙafarsa ba jini. Cindo ya jeme fatar ɓauna da bagaruwa, ya fara yanka musu takalma. Sai ya sa mutum ya taka danshin ƙasa, ya auna sawun da tsinken gamba, ya karya daidai tsawonsa, ya soke a rufin bukkarsa don kada ya sake awo.

Damina ta uku ƙafar Barmo, ƙanen mai gari, ta kumbura har ya kasa tashi. Aka fara raɗa. Kowa ya san abin da ake yi da sawun mutum, kuma maharbi ba ya rasa asiri. Ranar wata Laraba da hantsi maza suka kewaye bukkar da sanduna, suka zaro tsinkaye arba'in da ɗaya. Suka ce ya bar garin kafin la'asar.

Cindo bai yi musu ba. Ya riƙa ɗaukar tsinken ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa wa kowa nasa, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Wannan ya ƙara tsorata su.

Tambai, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin garin, ita ta tsaya tsakani.

"In kun kore shi, wa zai rufa muku ƙafa?" in ji ta. Ta juya wajensa. "Kai kuma Cindo, ban ce ka yi ba, ban ce ba ka yi ba. Amma sawun wani ba zai ƙara kwana gidanka ba."

Ta yanke cewa da rana zai yi awo, gaban shaida. Mai ƙafa ya share sawunsa da hannunsa, in an gama ɗinki ya tafi da tsinkensa. Cindo ya yarda, aka bar shi.

Kwana uku bayan haka kumburin Barmo ya saɓe. Waɗansu suka ce kurkunu ne ya fita.

Zuriyar Cindo ta bakwai ke ɗinki yanzu a Unguwar Dukawa. Sun koma zana ƙafa a takarda, amma takardar ba ta zama a shago. Bara wani ɗan kasuwa da ya shekara ashirin yana ɗinki wurinsu ya ce su ajiye awonsa, ai ya yarda da su. Babban gidan ya naɗe takardar, ya sa masa a aljihu.

"Alhaji, mu ne ba mu yarda da yardarka ba."