Sunan Farko a Takardar Atine

An yi wani kantoma da ya sa aka toshe wani shafin intanet, wai ana satar waƙoƙi a ciki. Ya kafa doka cewa duk wanda ya leƙa shafin, wata shida zai yi a gidan yari.

Sai ya aika aka kira Atine, mai tura wa mutane waƙoƙi a waya a bakin tasha.

Ya ce, "Kafin la'asar ki kawo min sunan duk wanda ya leƙa shafin nan, ko in rufe shagonki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shafuka sun fi gashin kai yawa. Wanne daga ciki?"

"Wanda aka zana ni a ciki da tumbi kamar randa, ina gudu da janareton asibiti a ka!"

"Anya kuwa? Wataƙila magulmata ne suka shirya maka."

"Gulmar me? Jiya da idona na gani, har sau uku!"

Atine ta juya wajen sakatarensa, ta ce, "Malam, ara min biro, na samu mutum na farko. Ranka ya daɗe, in sa Alhaji a gaban sunan, ko in bar shi haka?"