Agogon da Aka Ciro Daga Ƙasan Dam

Akwai wata mata mai ɗinki da ake kira Almakashi. Ba don sana'arta aka laƙaba mata sunan ba, don bakinta ne. In ta yanka maka magana, sai ka je gida kana laluben inda ta same ka. A kasuwa kuwa, masu yadi in sun hango ta sai su fara salati.

Mijinta direban babbar mota ne, ana ce masa Dogo. Wata safiya ya saka rigarsa mai kyau, ya buɗe akwati ya ɗauki tsohon agogon hannun da ya gada wajen mahaifinsa, ya fita. Agogon irin na da ne, wanda ba ya cin batir, sai an murɗa masa kai kullum. Bai taɓa tafiya da shi hanya ba.

Daga ranar ba a sake ganin Dogo ba. Ba shi, ba motar.

An nema har an gaji. Sai ƙananan maganganu suka fara yawo a layi. Namiji ya ci ado, ya ɗauki agogon gado, ai ba lodi ya tafi ba, wajen wata ya nufa. Almakashi ta ji, ta haɗiye, maganar ta zauna mata daram.

Ta ƙi yin takaba. Ta ɗauko hotonsu guda ɗaya da ke bango, ta yanke fuskarsa ta watsa a shara. Ta hana 'ya'yanta ambaton sunansa. Uwar Dogo, wadda suke kira Inna, tana ɗakin baya. Almakashi ba ta taɓa barin ta da yunwa ba, amma duk ranar da tsohuwar ta ce, “Ɗana bai gudu ba,” sai ta ajiye kwano da ƙarfi ta fita.

A kwanakin farko wani mai gyaran agogo, abokin Dogo, ya zo shagonta.

“Matar Dogo, ranar da ya tafi ya biyo ta teburina. Akwai abin da ya kamata ki sani...”

“Au, ashe kai ne ɗan aiken nasu! Kai ka goge masa agogon zuwa zance?”

Ta ɗauki kwanon ruwan da take yayyafa wa kayan guga, ta sheƙa masa a fuska a gaban mata. Ya share gemunsa ya tafi. Daga baya ya turo matarsa, ita ma ko zama ba a bari ta yi ba.

Shekaru sama da ashirin suka wuce.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya yi ƙaranci, dam ɗin da ke gefen babbar hanya ya janye sosai. Masunta suka ga rufin mota ya leƙo daga taɓo. Da aka jawo ta, babbar mota ce, tsatsa ta cinye lambarta, fenti babu, takarda babu. A kujerar direba akwai ƙasusuwan mutum.

Labari ya isa kunnen Inna, wadda dama ta daɗe a kwance. Daga jin haka ta rufe baki, ko ruwa ta ƙi sha.

“Shi ne,” ta ce da 'yar muryar da ta rage mata. “Ki kawo min shi. In ji da kunnena an sallace shi, sai in tafi.”

Almakashi ta yafa gyale ta nufi ofishin 'yan sanda.

Sufeton da ke riƙe da maganar ya ce, “Mama, ba ke kaɗai kika zo ba. Duk wanda nasa ya ɓata a hanyar nan ya zo yana cewa nasa ne. Ba zan ba da gawa a kan kuka ba. In babu shaida, gobe hukuma za ta binne shi ba suna.”

“Ka ba ni mako.”

“Gobe.”

“To jibi, Yallaɓai. Ka dubi furfurata, jibi!”

“Mama, ba kasuwa muke ba.”

Ya ɗauko wata leda ya ajiye a gabanta. Abu ɗaya ke nan da aka samu a cikin durowar gaban motar. Agogo ne, fuskarsa ta yi baƙi, gilashin ya dushe.

“Nasa ne! Na mahaifinsa ne!”

“Irin wannan sun cika duniya. Kin san shekararsa? Kin san lambarsa? Kuma kin ce mijinki ƙato ne. Dubi sarƙar nan. Wannan ba za ta zagaye hannun namiji ba. Ta mace ce.”

Ta duba. Gaskiya ne. Sarƙar 'yar ƙarama ce.

Ashe da gaske wata zai kai wa. Ta so ta juya ta bar shi a binne shi yadda aka ga dama. Sai ta tuna tsohuwar da ke kwance da busasshen baki tana jiran ta.

Ta shiga kasuwa shago bayan shago. Masu sayar da agogon batir suka yi ta girgiza kai. Babu mai iya buɗe irin wannan, balle ya faɗi shekarunsa. Duk inda ta tsaya amsa ɗaya ce: sai tsohon nan da ya daina fitowa, wanda teburinsa yake bakin tasha a da.

Ta san shi. Ta fi kowa saninsa.

Ta same shi zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, idanunsa sun yi fari, hannunsa na rawa. Ta yi sallama, ta tsaya ƙiƙam.

“Malam, aiki na kawo. Ka faɗi abin da za ka karɓa, ba zan taya ba.”

Tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa furta wannan kalmar ba.

Tsohon ya karkata kai. “Muryar nan na san ta. Matar Dogo, yau ba ki zo da ruwa ba?”

Ta durƙusa a ƙasa a bakin titi, mutane na wucewa.

“Ka zage ni, ka rama, na cancanta. Amma uwarsa tana bakin mutuwa, gobe za a binne shi kamar wanda ba shi da kowa. Don Allah, Malam.”

Can ya ɗaga murya ya kira matarsa. “Ɗauko min jakar aiki. Da ƙaramin gwangwanin nan da na hana ki zubarwa.”

A ofis, Sufeto ya miƙa masa agogon. Tsohon bai kai shi ido ba, da yatsa ya bi shi.

“Wannan ya girme ka, Yallaɓai. Ka ji kaurin gidansa, ka ji yadda gilashin ya yi tudu. An daina irin wannan ƙirar tun ina koyon aiki. Amma baya ne zai yi magana, ba gaba ba.”

Ya ɗiga kananzir a gefen murfin baya, ya jira, ya kafa ƙarfen buɗewa. Hannunsa ya yi rawa, ƙarfen ya zame. Ya sake, ya zame. Karo na gaba ya yanke shi a yatsa.

Sufeto ya duba wayarsa. “Baba, in bai buɗu ba a bari.”

“Zai buɗu!” Almakashi ta ce, muryarta ta tsage.

Tsohon ya tura mata ƙarfen. “Hannun mai ɗinki ya fi nawa yanzu. Danna, ki juya hagu. A hankali, ba faɗa ba ne.”

Ta danna. Gumi ya tsattsafo mata. Murfin ya yi ƙara kaɗan, ya saki.

Injin ciki ya zama dunƙulen tsatsa, amma cikin murfin, da aka goge shi da tsumma, sai ga shi yana ƙyalli.

“Mu masu gyara muna da al'ada,” in ji tsohon. “Duk wanda ya buɗe agogo ya yi masa aiki, sai ya karce alamarsa da tsinin allura a cikin murfi, ya sa wata da shekara. Mai agogo ma bai sani ba. Ungo gilashin aikina mai ƙara girman abu. Faɗa min abin da kika gani.”

Almakashi ba ta yi boko mai nisa ba, amma tef ɗin awo ya koya mata lamba. Ta manna gilashin a ido.

“Akwai wasu tsofaffin zane, sun kusa gogewa.”

“Na waɗanda suka riga ni ne, zamanin mahaifinsa. Sauka ƙasa.”

“Ga wani kamar sawun kaza.”

“Nawa ke nan. Kafin ki karanta, bari in faɗa, Yallaɓai ya zama shaida. Huɗu, sai karan tsaye, sai tara da takwas.”

Ta karanta. Haka yake. Watan da Dogo ya ɓata, shekarar da ta yaye autarta.

Sufeto ya karɓi gilashin ya duba da kansa. “Ta hannunka ya bi, na yarda. Amma agogo nawa ka gyara a watan?”

Tsohon ya buɗe gwangwani, ya zazzage a tebur. Gaɓoɓin sarƙar agogo ne guda uku, suna ta sheƙi, da wani jan zare mai ƙulli.

“Gwada su a jikin sarƙar.”

Sufeto ya gwada. Zanensu ɗaya, faɗinsu ɗaya, suka shige kamar jiya aka cire su. Ya jawo takarda ya fara rubutu.

Almakashi ba ta ko kalli takardar ba. Tambayar da ta ci ta shekara da shekaru ta fito da kanta.

“Malam, wace ce? Wa ya sa ka rage wa sarƙar?”

“Abin da na zo gaya miki ke nan ranar da kika yi min wanka. Ɗauki zaren nan ki zagaya a hannunki.”

Ta ɗauka. Zaren kekenta ne, irin wanda take sayowa a da. Ta zagaya shi a wuyan hannunta, ƙullin ya zo ya tsaya a kan bakin zaren, sai ɗan sako-sakon da tsufa ya bari.

“Kina barcin rana ya auna ki. Ya ce kullum kina leƙa shagon maƙwabta kina tambayar lokaci, kuma ke ba kya son tambaya. Ya ce in ya dawo daga wannan lodin zai ɗaura miki da hannunsa. Rigar kuwa, hoton lasisi zai ɗauka a hanya.”

Ba ta yi ihu ba. Ta zame daga kan benci ta zauna a siminti, tana riƙe da zaren da hannu biyu.

Washegari aka sallaci Dogo a ƙofar gidansa, da sunansa. An buɗe tagar ɗakin baya don Inna ta ji kabbara. Da aka gama ta nemi ruwa, ta sha daga hannun surukarta. Ba ta ce mata “na gaya miki” ba. Inna ba ta ƙara mako a duniya ba.

Almakashi ta yi takaba da furfura a kanta. Agogon bai sake motsi ba, amma yana hannunta har yau.

Ranar da aka watse daga zaman makoki, autarta, wadda yanzu ita ma uwa ce, ta tsaya a gaban hoton nan mai rami a tsakiya.

“Umma, yaya kamanninsa suke?”

Almakashi ta dubi ramin. Hoton guda ɗaya ne, kuma ita ta yanke shi.

Darasi: In mutum ya zo maka da magana, bar shi ya kai ƙarshenta kafin ka yanke hukunci. Girman kai yana toshe kunne, kuma wanda ka wulaƙanta yau yana iya zama shi kaɗai ke riƙe da gaskiyar da za ka zo nema a durƙushe. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, musamman masu saurin baki irinmu.